Mutumin da Ya Sayi Zabibi da Tiya

Maigidana ɗan kasuwa ne, amma ba cikin masu shago ba. Dabino yake sayarwa da aya da busasshiyar kwakwa, sai ɗan zabibi a gefe. Yana da tebur a kasuwar Ƙaura, ranar kasuwar Shinkafi kuma ya bi mota da buhunansa, haka ranar ta Zurmi da ta Moriki. Zabibi ba abin da mutanenmu ke saye kullum ba ne. Da azumi yake tafiya, sai kuma lokacin dawowar alhazai, don da yawansu tsarabar da suka ɗauko ba ta isar masu zuwa yi musu barka, sai su aiko a ɓoye a ƙaro daga wurinmu, a haɗa da dabino da ruwan zamzam a raba.

A shekarar da nake magana ya ɗauko manyan kwalaye biyu na zabibi daga Kano bayan ƙaramar salla, da zaton za a tafi aikin hajji. Ba a tafi ba, annoba ta sa aka hana. Kaya suka zauna mana a ɗaki, ga damina ta sauka.

Uwarsa, wadda muke kira Inna, tana wurinmu tun bara waccan, lokacin da mutanen ƙauyensu can bayan Zurmi suka watse saboda mutanen daji. Ta bar rumbu biyu cike da gero ta fito da zanen jikinta. Mijinta marigayi falke ne, don haka ba abin da aka busar da ba ta san yadda ake ajiyarsa ba. Wata safiya ta shiga ɗakin kayan, ta tsaya tana jan hanci.

"Ke, hidda abin ga daga cikin leda," in ji ta. "Leda zufa take yi. Kwana kaɗan za ki ji shi ya koma giya."

Muka shimfiɗa tabarmi a rumfa, muka baza shi a inuwa, don ta ce rana mai zafi tana mayar da shi tsakuwa. Muka zauna muna tsince wanda ya dunƙule da wanda ya yi danshi. Wani na gani ya yi fari fat a jikinsa, na ɗiba zan zuba wa kaji, ta riƙe mini hannu. Ta murza ƙwaya ɗaya tsakanin yatsunta ta miƙo mini. In farin ya yi garas-garas kamar yashi, in ji ta, zaƙinsa ne ya fito waje, lafiyarsa lau, ruwan ɗumi kaɗan zai dawo da shi. In kuwa ya yi laushi kamar auduga, ga wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, wannan fumfuna ce, ko akuya ba a ba. Haka in an ga zare-zare kamar saƙar gizo, tsutsa ta shiga.

Da ya sha iska muka zuba shi a bokitan roba masu murfi da manyan kwalabe waɗanda na wanke na kife har suka bushe ƙayau, muka sa ƙyalle a ƙarƙashin kowane murfi. Muka ɗora su a kan benci nesa da bango, muka tsoma ƙafafun bencin cikin gwangwanayen toka saboda kiyashi. Dokar Inna ita ce ba a sa jiƙaƙƙen hannu, ba a kuma buɗewa don kallo. Wanda aka rufe haka, ta ce, zai kai daga azumi zuwa azumi. Wanda ake buɗewa ana ɗiba, rabin haka ma sai da sa'a.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da aka rufe kasuwannin mako. Aka katse layukan waya, aka hana sayar da mai a jarka, duk don a matsa wa mutanen daji su rasa abinci da hanya. Gari ya yi wani irin shiru. Da can in an tare hanyar Shinkafi kafin azahar labari ya karaɗe ko'ina; yanzu sai dai ka ga mota ta shigo da fasasshen gilashi, ka tsaya ka karanta fuskokin mutanen ciki. 'Yan sintiri suka tsare bakin gari suna zazzage buhun kowa. Aka kama wani mai burodi, aka kama wata mata da ƙullin magunguna a cikin goyonta. Duk wanda aka gani da abinci fiye da na bakinsa, tambaya ce.

Maigidana ya koma zaman zaure, ya ɗan baza dabino a faifai don yaran unguwa. A nan ne wani hantsi na ji sallama da muryar da ban sani ba. Ina tsakar gida ina gyaran wake, tsakanina da zauren ƙyauren langa-langa ne kawai, duk abin da aka faɗa ina ji. Suka gaisa gaisuwar waɗanda suka san juna. Daga baya maigidana ya gaya mini dillalin shanu ne a karar Moriki, dattijo mai sanyin magana, sun sha cin tuwo a rumfa ɗaya ranar kasuwa.

Ya tambayi dabino, aka auna masa. Sai na ji ya ce, "An ce kana da zabibi."

"Akwai ɗan saura. Ƙulli nawa za a yi maka?"

"Tiya guda nika so."

Na dakata da wakena. Mu a ƙulle muke sayar da shi, ɗan abin da bai cika tafin hannu ba. Tunda muke sana'ar nan ban taɓa jin wanda ya nemi tiya ba, ko alhazai. Maigidana ya shigo ya ce in auno, ina ganin murna a fuskarsa, don rabonsa da ciniki mai kauri an jima. Na auno na ba shi. Can sai na ji baƙon ya sake magana.

"Wanga abu, wata nawa shika yi bai lalace ba?"

Maigidana ya yi dariya ya ce wannan sai masu ɗaki. Ya ɗaga murya ya ce, "Ke, kin ji tambayar Malam."

Na matso bayan ƙyaure muka gaisa, na gaya masa abin da Inna ta koya mini: a rufe shi a busasshen abu, a ɗaga shi daga ƙasa, a sa shi a ɗaki mai sanyi.

"To in babu ɗaki hwa, uwargida?" ya ce. "In cikin buhu shike, ana yawo da shi, yau nan gobe can, ruwa na dukan shi?"

Na ce haka kam ba zai jima ba. Ya ce kamar yaya. Na ce da damina, in ya jiƙe, kafin wata ya mutu zai yi tsami. Ya yi godiya, ya ɗaure kayansa a bayan keke ya tafi.

Inna tana zaune a bakin ɗakinta tana jan carbi, na ɗauka ma gyangyaɗi take. Da maigidana ya shigo, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Wanda za shi ci gidanai ba ya wagga tambaya."

Ya ce, "Haba Inna, mutumin kirki na, na san shi."

"Ban ce ba mutumin kirki ba na. Cewa nay yi ruwa ba ya tsami banza."

Ranar ba wanda ya ƙara tada zancen, amma da la'asar na ga maigidana ya kwashe faifan dabinonsa ya shigo da wuri.

An ɗan kwana biyu, har na fara mantawa, sai ga shi ya dawo. Wannan karon na leƙa ta kafar ƙyaure. Ya faɗa sosai, babbar rigarsa tana reto a jikinsa, ƙafafunsa duk karcen ƙaya, ga laka har ƙauri, irin baƙar lakar fadama wadda babu ita a cikin gari. Ya ce wancan ruwa ya taɓa shi ya yi tsami kamar yadda na faɗa, yana son wani, kuma a zuba masa cikin kwalba yadda nake yi.

Maigidana ya ce, "Ai kuwa ka makara, Malam. Ya ƙare."

Baƙon bai yi gardama ba. Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Can ya ce, a hankali kamar mai jin kunya, "Bai ƙare ba. An ce akwai bokitai bisa benci, ɗakin da ke kusa da rijiya."

"Wa yac ce?"

"Sun san gidan ga. Ni ɗan aike na kawai. Ka yi tunani, ina dawowa."

Ɗakin kayan nan ba namijin waje da ya taɓa shigarsa. Sai na fara lissafa waɗanda ke shigowa gidan: masu ɗibar ruwa a rijiyarmu, maƙwabciyar da ke aron turmi, mai kitso, mai kawo nono, matan da suka zo duba Inna da ta yi zazzaɓi. Kowace na tuna sai in ga ai ba za ta yi haka ba, sai kuma in tuna ta taɓa tsayawa daidai ƙofar ɗakin. Daga ranar na daina barin ƙofar gida a buɗe. Maƙwabciyata ta zo aron turmi na ce yana da aiki, alhali yana kife a gabanta. Ta dube ni, ta dubi turmin, ta juya.

Muka zauna mu uku a rumfa muna neman mafita. Gaba kura ce, baya sayaki. In an ba shi, an zama masu ciyar da mutanen daji, kuma mun ga abin da ke samun waɗanda aka kama da wannan. In an hana, to, sun san gidan. Na ce a gaya wa mai unguwa. Maigidana ya ce maganar da ta shiga zauren mai unguwa da safe, kafin azahar ta isa inda ake tsoro, ba don shi mugu ne ba, sai don ba a san wa ke zaune a zauren ba. Na ce to a zuba shi a masai a huta. Inna ta ce zubar da abinci ba zai kawo mana sauƙi ba, kuma wa zai yarda an zubar?

"Ku ba da shi sadaka," in ji ta. "Ran Juma'a, bakin masallaci, rana tsaka. Kowa shi gani da idonai ya ƙare. Mai kai labari ma shi gani."

Muka tsaya a kan haka. Amma kafin Juma'ar ta zo dillalin ya dawo.

Da azahar ce, rana ta take, unguwa ba kowa a waje. Maigidana ya ce masa gaskiya ba zai iya ba, ya yi masa rantsuwa cewa ba ƙiyayya ba ce, yana da iyali. Sai na ji wani sauti da ban gane ba da farko. Dattijon nan ne yake kuka, irin kukan wanda ya manta yadda ake yi, yana toshe baki da hannun riga.

Ya ce 'yarsa ce a hannunsu. An kwashe su a gona wajen Moriki, ita da wasu mata, suna cirar ciyawa. Tana da aure, tana da tsohon ciki. Kuɗin fansar da suka nema ya sayar da duk abin da ya mallaka bai kai ba. Da aka rufe kasuwanni sai suka ce to ya riƙa kawo musu kaya, shi tsoho ne, ba a cika tsananta masa bincike ba. Babbansu mai son kayan zaƙi ne, shi ke neman dabino da zabibi, kuma abu ne da ba ya son wuta, ba hayaƙin da jirgin yaƙi zai hango. Duk ranar da ya kai kaya sai a fito da ita ya gan ta daga nesa, wani lokaci a bar shi ya matsa su gaisa.

"Ba ta iya cin abin da suka ba su," ya ce. "Amai takai. Wancan karon na ɓoye ɗan kaɗan cikin hulata na ba ta. Shi kaɗai ya zauna mata."

Maigidana ya shigo tsakar gida ya tsaya. Ko gaskiya mutumin yake faɗi ko ƙarya, ba mu da hanyar sani. Ba waya balle a tambayi wani a Moriki. Muka dubi Inna.

"Ni dai na san kukan ƙarya," ta ce. "Wanga ba shi na ba. Ku ba shi. Amma kar ka karɓi ko sisi, in an tambaye ka gobe ka iya rantsuwa ba ka sai da ba."

Na shiga ɗaki na cika manyan kwalabe biyu, na sa ƙyalle na ɗaure murfin tam. Na kuma sami wata 'yar ƙarama ta man shafawa, wadda za ta shige aljihu, na wanke na goge na ɗura mata nata daban, na zaɓo masu taushi. Da maigidana ya miƙa masa, ya nuna masa ƙaramar ya ce wannan ta yarinyar ce. Ya kuma gaya masa cewa daga yau babu sauran, Juma'a za a rabar. Dattijon ya ce ya ji, zai faɗa musu. Ya juyo wajen ƙyaure ya ce, "Uwargida, Allah shi sa ki gama da duniya lahiya." Na amsa da amin. Ya tura kekensa ya tafi.

Ranar Juma'a maigidana ya ɗauki bokitan a baro ya kai bakin masallaci. Ana sallamewa ya shiga rabo da hannu bibbiyu. Mutane suka yi ta mamaki, wasu ma ba su taɓa ɗanɗana shi ba. Yaran unguwa suka dawo bakinsu baƙi ƙirin suna tsalle. Ya shigo gida da bokitai wayam, ya kife su a tsakar gida inda duk mai leƙowa zai gani, ya ce alhamdu lillahi, ya nemi abinci. Rabonsa da cin abinci haka tun zuwan mutumin na biyu.

Ko hannu bai wanke ba aka buga ƙofa. Ba sallama. 'Yan sintiri ne, da bindigogin gargajiya da adduna, jikinsu duk layu. Babbansu yana riƙe da ɗaya daga cikin kwalabena.

Ashe tun washegarin ranar da ya bar gidanmu suka tare dillalin a wata 'yar hanya bayan ƙauyen Banga, suka sami kwalaben a ƙarƙashin ciyawar da ya ɗaura a keke. Sun yi ta dukansa ya faɗi inda ya samo, ya ce tsohon saye ne tun na azumi. Suna cikin neman wanda ke da zabibi a Ƙaura a irin wannan lokaci, sai ga maigidana a bakin masallaci yana rabonsa da baro.

Suka ce ya zo ya amsa tambaya. Ya sa takalmi ya bi su. Na biyo har zaure, ɗaya daga cikinsu ya juyo ya dube ni, na koma. Ƙofofin maƙwabta duk a buɗe, mata sun leƙo.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki sandarta da mayafi, ita da ko bakin titi ba ta zuwa, ta ce in kama mata hannu. Muka je gidan liman, muka je gidan mai unguwa. A kowane ta ƙi shiga cikin gida wurin mata, ta tsaya a ƙofar zaure ta faɗi duk yadda aka yi, ba ta rage komai ba. Ta ce ita ta ce a bayar, in akwai wanda za a ɗaure ita ce. Ta ce su da suka baro rumbunansu saboda mutanen nan, yau su za a ce suna ciyar da su? Liman ya sa hula, mai unguwa ya biyo shi, suka tafi. Mu kuma muka dawo gida muka zauna muna kallon inuwa tana tsawo.

Gab da magariba ya shigo, leɓensa a fashe, rigarsa a yage ta kafaɗa. Sai da ya sha ruwa ya yi salla sannan ya ba mu labari. Ya ce ya tarar da dillalin ɗaure a gindin wata bishiya, fuskarsa ta kumbura har ba a gane shi sosai. Aka tambayi dattijon ko ya san maigidana, ya ɗaga ido ya ce bai taɓa ganinsa ba. Shi kuwa maigidana ya ce ya san shi, shi ya ba shi, ya kuma faɗi maganar 'yar. Babban 'yan sintirin ya yi wata dariya wadda ba ta daɗi ba, ya ce duk wanda suka kama da kaya yana da ɗiya a daji. Ya ce shi ƙannensa biyu aka yanka a gona da wannan daminar, waɗanda suka yanka su kuma da ƙarfin abincin da ake kai musu suka yi. Da liman da mai unguwa suka tsaya masa aka sake shi, bisa sharaɗin in aka ƙara jin sunansa ba mai zuwa roƙo.

"Shi dattijon fa?" na ce.

Ya ce yana fitowa ya ga ana saka shi a bayan mota. An ce hukuma za a kai shi. Daga baya wasu suka ce an kai shi, wasu suka ce motar ba ta isa ko'ina da shi ba. Maigidana ya ɗan bincika a ɓoye, har wani ya ja shi gefe ya ce in yana son kansa ya bar tambayar nan.

Zaman unguwa ya canza mana. Ba wanda ya zage mu, amma masu ɗibar ruwa suka koma wata rijiyar. In maigidana ya isa majalisa sai hira ta mutu. Aka yi suna a gida na uku da namu, ban ji ba sai da na ga mata suna wucewa da kwalliya. Ni kuma kowane ƙarar babur na ji a lungu sai in tashi in leƙa ta kafar ƙyaure, don kayan da aka aiko a karɓa ba su isa daji ba, kuma ban san yadda aka fassara wannan a can ba.

Bayan an yi girbi, an buɗe kasuwanni, waya ta dawo, muka ji an sako wasu mata na wajen Moriki. Mai kitso ce ta kawo mini labarin, ta ce ɗaya da jariri ta fito, a daji ta haihu, tana gidan wata gwaggonta a bayan tasha. Ta ce uban yarinyar dillalin shanu ne. Na ajiye abin da nake yi.

Washegari na dama kunu, na ɗauki sabulu da 'yan kayan jarirai na tafi. Na ce wa gwaggon ni matar abokin kasuwancin babanta ce. Kafin ta shigar da ni ta riƙe ni a soro ta ce, don Allah kar in yi zancen uban, ba a gaya mata komai ba, jira ake ta yi ƙarfi.

Yarinyar tana zaune a kan tabarma ta jingina da bango, wuyanta kamar a ƙirga jijiyoyi, jaririn a cinyarta ɗan mitsitsi. Muka gaisa, na yi mata barka da arziki. Da ta ji daga inda nake sai ta gyara zama.

"Mama, kin ga Babana?"

Na ce rabona da shi tun damina.

"Ya bar zuwa," ta ce. "Ina ta dubin hanya. Sunka ce mani ya gaji da ni, ya gudu Nijar ya bar ni. Kullum sai sun hwaɗa mani haka. Nan kuma kowa na tambaya sai shi ce ya yi tahiya."

Gwaggon tana tsaye a bakin ƙofa tana yi mini ido. Na dubi yarinyar na ce, "Bai gudu ba. Ranar ƙarshe da na gan shi, daga ƙofar gidanmu ya kama hanyar wurinki. A hanya aka tare shi. Daga nan ban san komai ba, wallahi da na sani da na gaya miki."

Ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta gyara wa jaririn zane, ta ce, "To. Dama na ce ba ya gudu shi bar ni." Gwaggon ba ta raka ni ba da zan fita. Ba a jima ba dangin mijin suka zo suka tafi da ita Shinkafi, ban ƙara ganinta ba.

Maigidana ya koma teburinsa a kasuwar Ƙaura, amma bai sake bin motar Shinkafi ko ta Zurmi ba. Muka fara cewa ƙila abin ya wuce. Sai wata ranar kasuwa, ana gab da azumi, wani saurayi mai rawani ya tsaya a gabansa ya sayi dabino kaɗan. Ya karɓi ƙullinsa, ya ɗan sunkuyo kamar zai gyara takalmi, ya ce, "An ce a gaishe ka. An ce bana kar ka manta da mutane in kaya sun iso." Kafin maigidana ya ɗago ya shige cikin jama'a.

Ya dawo gida tun kafin azahar. A cikin makon muka tura Inna da yaranmu Gusau wurin ƙaninsa, muka ce wa maƙwabta asibiti za a kai ta. Mu kuma muka riƙa fitar da kaya kaɗan-kaɗan, yau buhu gobe akwati, kamar masu kai aike. Ranar da muka tashi mu bi su Gusau ko sallama ba mu yi wa kowa ba. Muka sami motoci sun yi layi a bakin gari, direbobi suna jiran a ga motar farko ta fito daga wancan ɓangaren kafin a shiga hanya. Muka zauna cikin zafi har wata tsohuwar mota ɗauke da itace ta ɓullo, direbanta ya ɗaga hannu alamar lafiya, sannan aka tayar da injuna.

Inna ta rasu a Gusau da damina ta gaba, ba ta sake ganin ƙauyensu ba. Maigidana yanzu hula yake sayarwa a bakin wani masallaci. Gidanmu na Ƙaura wasu mutanen Zurmi ne a ciki, iyali uku, su ma gudu ya kawo su.